Iya ta Darki da Takardar da ke Bangon Falo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka Zariya lafiya, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama, Ya haɗa ka da abokan zama nagari, Ya tsare ka a hanya da masauki. Amin.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida ɗaya muke kwana, ka san kowa lafiya. Na rubuta ne don maganar da ke bakina ba irin wadda zan iya zaunar da kai in faɗa maka ido da ido ba ce. Kai ɗan fari ne, ka kuma san halina. Shekara ashirin da takwas ke nan zancenmu bai cika wuce "an dawo?" da "kai wa mahaifiyarka wannan" ba.

Mahaifiyarka ta gaya mini iyayen yarinyar nan ta Zariya sun ba ka izinin turo manya, sun kuma ce za su aiko a binciki asalinka, kamar yadda kowane gidan mutunci yake yi. Ta ce ka ɗauki hoton takardar salsalar nan da ke rataye a falo, kana shirin tura wa wan yarinyar ta waya. Kada ka tura. Idan ka riga ka tura, ka kira shi yau ka ce a dakata. Ni na rubuta takardar nan, kuma daga kan sunan Malam Haruna zuwa sama ba mu da jini ko ɗigo a ciki.

Ga yadda aka yi. Mahaifina, Malam Idi, ya rasu ina ɗan shekara goma sha biyu. A gidan nan da muke ciki ya tashi, gidan Malam Haruna, malamin littattafai wanda iyayensa suka zo daga Barno. Ban riski Malam Haruna ba, amma na riski matarsa, Inna Asabe, ita na buɗe ido na sani a matsayin kakata. Duk Wudil Idi na Malam Haruna ake cewa. Da aka kai ni firamare aka rubuta Sani Idi Haruna, haka kuma yake a takarduna har na yi ritaya.

Lokacin da mahaifiyarka take da cikinka ina koyarwa a firamare, sai sha'awar sanin asali ta kama ni. Gaskiyar magana, ba son ilimi ba ne zalla. Akwai wani abokin aikina da kullum in an zauna sai ya lissafo kakanninsa har bakwai yana hura hanci, ni kuwa in na ce Idi, na ce Haruna, sai in tsaya cak kamar motar da mai ya ƙare mata. Na sayi littafin rubutu mai kauri, na hau kekena, na bi tsofaffin ɗaliban Malam Haruna ɗaya bayan ɗaya, a Kausani, a Ɗankaza, har cikin birni. Daga baya na zazzage gafakarsa, na sami wata tsohuwar takarda da ya rubuta da hannunsa: sunayen iyayensa da kakanninsa, kowanne da garin da ya zauna da littafin da ya karantar. Na kai wa wani malami ya karanta mini. Mutum takwas, duk malamai. Na ɗara abokin aikina da ɗaya, ranar nan da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa.

Da na kwafe sunayen a littafina sai na ƙara Idi da Sani a ƙasa. Malam Haruna bai rubuta Idi a takardarsa ba, na kuma lura da haka. Na ce wa kaina ai kafin a haifi Idi aka yi rubutun. Babu wanda ya gaya mini wannan, ni na ƙirƙira, don amsar ta yi mini daɗi. Abba, duk lokacin da kake neman wani abu ka ga ya fito daidai yadda ranka yake so, a nan za ka ƙara tsayawa ka duba. A wurin aikin da za ka ma haka ne. Idan ka tarar da giɓi a takarda ka bar shi giɓi, ka tashi ka je ka yi tambaya, kada ka cike shi da abin da ke kanka.

A duk yawon nan ban tambayi mace ko ɗaya ba. Na ɗauka asali a wurin masu gemu da tawada yake. Alhali akwai wata tsohuwa da take zuwa gidanmu kusan duk Juma'a, ranar kasuwa, tun ina rarrafe. Iya ta Darki muke ce mata. 'Yar siririya ce, baƙa, mai saurin tafiya, kullum da ƙullin daddawa ko kuka, in kaka ta yi kuma da gyaɗa. Takan gaishe da Inna Asabe, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ba ta shiga can ciki. Idan mahaifina ya shigo sai ta kau da kai ta ce, "An yini lafiya?" kamar da bango take magana. Shi ma ya amsa yana kallon ƙasa, ya wuce. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, na ɗauka ba sa jituwa ne.

Ni kuwa ba ta bari in sha iska. Da ta hango ni sai ta ce, "Ga maigidana nan! Yau ma babu cefane? Wannan miji da rowa yake, ƙara zan kai."

In ce, "Iya, ai na sake ki tun makon jiya."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta kwance bakin zane ta ba ni ƙuli-ƙuli. Ka san wace ce take irin wannan wasa da yaro. Ni ma na sani, amma na ɗauka son wasa ne kawai irin na tsofaffi. Ranar da mahaifina ya rasu ta zo ta zauna can gefe, ba ta yi kuka ba. Na riƙe wannan a raina shekaru, ina cewa tsohuwar nan ba ta da tausayi.

Kafin a haife ka na gama shirina. Na sa an buga salsalar da tafireta, an yi mata gilas, an kuma yi mini kwafi masu yawa. Ranar suna aka raɗa maka Haruna, sunan kakana, in ji ni. Bayan maza sun watse daga ƙofar gida na shiga wurin mata da takarda a hannu, na karanta musu ita daga sama har ƙasa da muryar gaban aji. Suna ta cewa masha Allah. Inna Asabe ta riga ta rasu a lokacin. Iya tana zaune a tabarma, an ɗora ka a cinyarta. Ta tsufa ƙwarai, autanta Audu ne ya kawo ta a bayan babur.

Sai na tuna akwai abu ɗaya da ban samu ba. Na taɓa jin raɗe-raɗin cewa Inna Asabe ba ta taɓa haihuwa ba, na kuma yanke wa kaina hukuncin cewa Malam ya yi wata matar da ta haifi Idi ta rasu. Na durƙusa gaban Iya da biro a hannu, tsakar gida cike da mata, na ce, "Iya, ke da kika daɗe da gidan nan, wace ce ta haifi babana?"

Ta dubi jaririn da ke cinyarta ta ce, "Wata 'yar ƙauye ce."

"Sunanta fa?"

"Maigida, ka bar ni da tsufana."

"To, tun yana ƙarami ta rasu ke nan?"

Ta gyara maka kwanciya, sannan ta ce, "Allah dai Ya raya wannan."

Na ji tsakar gidan ta yi tsit, amma na ɗauka karatuna ne ya ratsa su. Na rufe biro, na ce a raina tsufa ya ci ƙwaƙwalwarta. Na miƙa mata kwafi guda don kada ta ga an ware ta, ko da yake na san ba ta karatu. Ta karɓa da hannu biyu.

Tambaya tana da wurin yin ta, tana kuma da wanda ya dace ya kai ta. Da na aiki mahaifiyarka ta same ta a ɗaki, ko na je Darki na zauna da Audu a gindin bishiya, da a yini ɗaya na ji komai. Za ka zauna cikin mutanen da ba ka san al'adunsu ba. Idan babba ya yi maka shiru kada ka yi saurin cewa bai sani ba. Ka fara duba ko kai ne ka yi tambayar a inda ba za ta amsu ba.

Bayan shekara biyu Iya ta rasu. An aiko, amma ina tsakiyar jarrabawar yara, ban ga dalilin barin aji don jana'izar wata tsohuwar ƙauye ba. Sai ranar sadakar uku na je ta'aziyya. Na gaisa, na yi addu'a, na miƙe zan tafi. Audu ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ina za ka? Zauna nan kusa da ni, kai ma gaisuwa za a yi maka."

Na ce, "Ni kuma?"

Ya dube ni ya ce, "Sani, da gaske kake, ko wasan bokon nan naku ne? Kakarka ce fa. Idi yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ɗan farinta."

Yana magana ina kallon bakinsa. Tsagar 'yan baka ce a fuskarsa, uku-uku, irin ta mahaifina sak, irin wadda wanzami yake yi wa jariri a gidan ubansa. Mutanen Malam Haruna ba haka tsagarsu take ba. Na yi yawo a keke har birni, amsar kuwa tana fuskar mahaifina tun ina goye.

Audu ya shigar da ni ɗakinta ya buɗe adudunta. A ƙarƙashin zannuwa ga kwafin takardata, an naɗe shi a cikin wani tsohon majanyi. Ya ce tun ranar sunanka da suka koma gida ta ce masa, "Kai da ka yi yaƙi da jahilci, nuna mini inda aka rubuta wancan." Wancan take ce wa Idi. Ya ɗora mata yatsa a kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ta riƙe wurin. Na warware takardar. Ko'ina fari tas, sai layi na biyu daga ƙasa, ya yi baƙi da man hannu har rubutun ya kusa gogewa. Ban yi kuka a gabansa ba, amma na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Da na dawo na tambayi mahaifiyata. Ta ce, "Au! To wa kake zaton nake durƙusa wa har ƙasa duk Juma'a?" Na ce me ya hana ta gyara mini ranar suna. Ta ce, "A gaban surukata zan buɗe baki in ƙaryata ka? Ni na zaci malaman da suka karantar da gidan nan kake lissafawa." Kowa ya sani, kowa kuma ya ɗauka na sani.

Daga nan na sake bincike, wannan karon a kan tabarmar Baffa Audu, don tun ranar na koma ce masa Baffa. Ga abin da na tattara, ka riƙe shi. Kakana sunansa Muhammadu, ana ce masa Tanko mai fito. Ubansa Jibo masunci ne a bakin kogin nan na Wudil. Daga Jibo babu wanda ya san sunan na sama, na kuma bar wurin fari. Kafin gada ta zama hanyar kowa, Tanko da 'yan'uwansa ne suke ƙetarar da mutane a kwalekwale idan ruwa ya kawo: fatake, masu kai shanu kara, amare da kayansu, wani lokaci har gawa. Shanu iyo suke yi, shi yana gaba yana jan igiyar babban sa. An ce gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son surutu a kan ruwa, wanda ya cika magana sai ya ce masa ya ajiye ta sai an kai gaci. An kuma ce bai taɓa kifar da jirgi ba, amma ɗansa ne ya gaya mini, don haka ka rage wani abu. Karatunsa bai wuce na salla ba. Da fito ya mutu sai ya koma Darki wurin dangin matarsa Hauwa, wato Iya, ya kama noma, yana yi yana mitar cewa ƙasa ba ta motsi. Can aka binne shi.

Inna Asabe yayar Tanko ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da aka zo yaye Idi sai ta je da nata zanen goyo ta ɗauke shi, ta bar wa Iya majanyin. Ba ƙwace aka yi ba, haka ake yi. Ɗan fari na dangi ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi, ko da kuwa tana tako ƙasa duk mako don ta gan shi ya wuce ta tsakar gida. Malam Haruna ya riƙe shi riƙon ɗa, ya karantar da shi, ya yi masa aure, ya ba shi gidan nan kyauta tun yana da rai. Amma bai sa shi a salsalarsa ba, domin malami ne, ya san ba a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba. Shi ya yi daidai, ni ne na zo na yi masa ƙari. Sunanka kuwa ban yi nadamarsa ba, mutumin ya cancanci a yi masa takwara.

Za ka ce to me ya sa takardar take bango har yanzu. Babu amsa mai kyau. Kwafi sun riga sun bazu, abokin aikin nan nawa ma yana da guda. Daga baya na koma aiki a ofishin adana takardun ɗalibai a jami'ar nan, malamai daga garuruwa daban-daban suna zuwa gidana, su tsaya gaban gilas su ce, "Ashe Malam Sani jinin malamai ne." In yi murmushi in ce a zauna. A ofis kuwa ni ne mai mayar da yaro gida idan sunan ubansa ya bambanta a takardu biyu. Kullum ina cewa bayan salla zan sauke, salla ta zo ta wuce sau fiye da ashirin. Ina zuwa Darki ni kaɗai, ku kuma na bar ku kuna ce wa Baffa Audu tsohon nan mai kawo gero. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Sau ɗaya dai ya tsaya gaban gilas ɗin ya ce, "Har yanzu ba a sami wurin da za a sa mu ba?" Ya yi dariya, na yi dariya, aka kawo abinci.

Na baya rashin sani ne, wannan kuwa da sanina na yi, shi ya fi damuna. Idan ka gane ka yi kuskure, ka gyara shi a makon, tun yana tsakaninka da mutum biyu ko uku. Nawa da na ajiye, ga shi ya girma har ya kai ga aurenka.

Masu binciken nan ba falo za su shiga ba. Bakin kasuwa za su je, wurin tsofaffi, a can kuma za a ce musu jinin Tanko mai fito ne. Idan sun riga sun ga takarda mai malamai takwas, ba za su ce uban yaron ya yi kuskure ba, za su ce yaron maƙaryaci ne, daga nan kuma magana ta mutu. Ka riga su faɗa. Fito sana'a ce ta amana, mutane suna ba ka ransu da dukiyarsu a tsakiyar ruwa, ban ga abin ɓoyewa a ciki ba, ko da yake na ɓoye. Idan suka ji gaskiya suka ce ba za su ba jinin mai fito 'yarsu ba, zai yi maka zafi, ba zan ce maka ba zai yi ba. Amma a lokacin za ka iya kallon kowa a ido, kuma za mu nema maka a inda ake son mu yadda muke.

Tafiyarka sai Asabar. Kafin nan ka je Darki. Ka durƙusa ka gaishe da Baffa Audu. Kakanka ne, zai tsokane ka, ka rama. Ka roƙe shi ya nuna maka kabarin Tanko da na Iya, don yanzu shi kaɗai ya san wurin, idonsa kuma ya fara rauni. Ka kunna wayar nan taka ka naɗi muryarsa, ka bar shi ya yi ta zuba ko da ya maimaita. Kada ka yi masa tambaya a gaban jama'a. Ni na riga na je shekaranjiya na roƙe shi ya ja gaba wurin neman aurenka, shi zai karɓa maka. Ya ce, "Sai yanzu?" Sannan ya ce a ɗinka masa babbar riga ta kirki, kada a raina mu a Zariya.

Jiya da hantsi, bayan ka fita, na sauke gilas ɗin. Inda yake ya bar fari a bango, mahaifiyarka ta ce a rataye kalanda. Takardar Malam Haruna ta asali tana cikin gafakarsa yadda ya bar ta, babu ƙarin kowa.

Na daɗe ina jin haushin kunyar da ta hana Iya ta ce mini "ni ce". Sai na duba na ga ni ma ban taɓa kiran sunanka ba, ban kuma taɓa ce maka ina jin daɗin yadda ka tashi ba, alhali ina ji. Bakina ya riga ya saba, ba na jin zai canja yanzu. Hannuna dai yana iyawa. Ga abin da za ka tura wa wan yarinyar, gajere ne:

Haruna, ɗan Sani, ɗan Idi, ɗan Muhammadu Tanko mai fito da Hauwa ta Darki. Tanko ɗan Jibo masunci ne. Malam Haruna da Inna Asabe su suka riƙi Idi, Allah Ya saka musu.

Na sa maka kwafin Iya a cikin ambulan ɗin nan. Ka duba layi na biyu daga ƙasa, sannan ka adana shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

Allah Ya jiƙan Tanko da Hauwa da Idi, Ya jiƙan waɗanda suka riƙe shi, Ya yafe mini jinkirina. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya yi maka albarka, Haruna.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani Idi Tanko
Wudil